Mota Ta Cika, Saura Direba

Ranar wata Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, kwamfuta ta shigo gidanmu a Gumel. A baro aka turo ta daga bakin titi, an naɗe ta da tsohon bargo kamar mai zazzaɓi. Muna tsakar gida a lokacin, ni da Inna muna ɓarar gyaɗa, ƙanena Auwalu yana korar kaji daga shanyar wake, sai ga babban wanmu Yaya Sanusi ya yi sallama yana haki, yana ta faɗa wa mai baron ya bi a hankali kada ya daki dokin ƙofa. Kafin a sauke ta yaran unguwa sun cika zaure, har da waɗanda ba ma ga maciji da su. Wani ya ce talabijin ce, wani ya rantse injin duba ciki ne irin na asibiti. Inna dai ta dubi akwatin, ta dubi tulin wayoyin da suka biyo shi, ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma ita wannan me take ci?" Kowa ya fito kallo a ranar, har akuyarmu sai da ta leƙo. Mutum ɗaya ne bai fito ba, shi ne Baba, labulen ɗakinsa ko motsi bai yi ba.

Baba direba ne. Malam Idi sunansa, amma a tashar Gumel in ka ce Malam Idi sai an tambaye ka wanne, in kuwa ka ce Sannu, ko mai tallan ruwa zai nuna maka farar bas ɗinsa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, wai shi ne sannu ba ta hana zuwa. Kasuwa-kasuwa yake bi, yau Maigatari, gobe Gagarawa, jibi Sule Tankarkar ko Ɗanzomo, ya kwashi mutane da awakinsu da buhunan riɗinsu. Samarin direbobi kan wuce shi a hanya suna ɗaga masa hannu suna dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Rai na ɗauko, ba buhun gero ba." Tsofaffin mata kuwa sun gwammace su yini a tasha da su shiga motar da ba tasa ba. Mu a gida tun da sanyin la'asar muke fara kasa kunne, don ko cikin taron motoci mun san kukan injinsa, kuma bai taɓa shigowa hannu rabbana ba, ko dabino, ko cuku, ko karan rake ɗaya da za a sara mana gaɓa-gaɓa.

Sai ciwon suga ya shigo. Kututturen dawa ne ya soke shi a ɗan yatsa wajen sharar gonarmu ta hanyar Gagarawa, ciwon da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, daga ƙarshe aka wuce da shi Kano. Da aka dawo da shi, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe take, an maƙale ta da fil. Ƙafar dama fa, jama'a, ƙafar totur da birki! Aka sayar da bas. Aka kawo masa sandunan dogarawa guda biyu, ya jingine su a bango, ba ya taɓa su sai zai zaga bayan gida. Masallacin da ke ƙofar gidanmu ma ya daina fita, a zaune yake sallarsa a ɗaki. Direbobi suka yi ta zuwa gaisuwa yana cewa a ce yana barci, har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, ni kuwa a ganina da faɗan yake yi da ya fi mana sauƙi. Inna ta hana wasan langa a gidan tun ranar da ta ga Auwalu ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle a gaban labulen Baba. Ba ta doke shi ba, kunnensa kawai ta kama ta kai shi zaure, idanunta jawur. Damina ta zo ta wuce, aka yanke gero, Baba bai taka ƙofar gida ba.

Ni ce mai kai masa abinci, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake kirana, kuma duk gidan ni kaɗai nake iya yi masa tsiwa in kwana lafiya. Bakina kuwa tun ina ƙarama ba ya gajiya, Inna takan ce da magana abinci ce da na ciyar da unguwa. Da asuba in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a famfo, in kai niƙa, sannan in zura kayan makaranta in ruga kada a tare ni a bakin ƙofa da bulala. Ranar Asabar gona, tsinkar wake da ɓarar zoɓo, mu dawo hannu duk ƙaiƙayi. Duk abin da na gani a waɗannan wurare tara shi nake yi in kawo wa Baba da kwanon tuwo: wanda aka zane saboda makara, wadda ta yi mini coge a carafke, yadda na cinye 'yan aji shida a 'yar gala-gala. In zuba in zuba, har da ƙarin gishiri, shi kuwa in na gama sai ya ce, "To, Uwata," ya juya fuskarsa bango. Wallahi kewar Baba nake yi alhali yana cikin gidan ina jin tarinsa.

Ita kwamfutar, Yaya Sanusi ya sayo ta ne a hannun wani ɗan kasuwa don ya koyi buga takardu, yana da burin buɗe shago kusa da sakatariya. A ɗakin zaure aka kafa ta a kan tebur, ɗakin da bangonsa ɗaya da na Baba. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take zuwa, in ta zo kowa ya yar da abin da ke hannunsa, ni na sha barin tsintsiya a tsakiyar shara. Ashe wanda ya riƙe kwamfutar kafin mu ya bar wasannin tseren mota guda biyu a cikinta. Na farko mai 'yan sanda muke ce masa, mota ce ja a cikin wani birni mai dogayen benaye, kana gudu jiniya tana bin ka, ka banke shinge, ka ture fitilar titi, kuma duk ɓarnar da ka yi yabo ake ba ka. Na biyu mai agogo, hanya ce a gefen teku da motoci da yawa, da wasu lambobi a sama suna raguwa. Auwalu, wanda a da shi ne gwanin ƙera motar kara a layinmu, har da sitiyarin waya mai tsawo, ya watsar da kayan aikinsa a gindin rumbu ya zama sarkin mai 'yan sanda. Yara sai sun yi masa fadanci kafin ya ɗaga musu kujera.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta, ranar ba a je gona ba. Auwalu ya hau tuƙi, ashe wani yaro ya taɓa wani wuri, motar ta koma sai an sa mata giya da hannu, shi kuwa bai sani ba. Ya danne maɓallin gudu, injin yana ta kururuwa a 'yan lasifikan nan biyu kamar ana yanka shi. Sai muka ji murya ta ratso bango, muryar da muka manta tana da ƙarfi haka: "Kai! Wane mara tausayi ne yake dafa injin nan? Ku sa masa giya mana!" Inna tana madafa, ludayi ya suɓuce mata. Can sai ƙwas, ƙwas, ƙarar sanduna a tsakar gida. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin zaure, ya rame, gemunsa ya yi fari, yana ƙifta ido saboda haske. Yara suka dare, Yaya Sanusi ya yi maza ya juya masa kujera. Da ya zauna, abin da ya fara yi shi ne leƙa ƙarƙashin tebur, yana neman inda ake takawa. Yaya ya sassauta murya ya ce, "Baba, ita wannan ba ta neman ƙafa, yatsu kawai." Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce a nuna masa ina ne birki, don shi birki yake fara sani a kowace mota.

Ya yi bisimilla ya tashi motar. Ya kama hannunsa na dama tsaf, a hankali, yana kauce wa kowace fitila da kowane kwandon shara, jar motar nan da ta saba hauka ta zama kamar ta ɗauko amarya. Ba a jima ba jiniya ta taso a bayansa. Me Baba zai yi? Sai ya gangara gefen titi ya taka birki ya tsaya cak, har da kai hannu aljihun gaba yana laluben lasin. Motocin 'yan sanda suka kewaye shi, wasa ya ƙare. Yara suka kwashe da dariya, wani har da birgima a ƙasa. Baba ya waiwayo ya ce, "To ni me na yi?" Auwalu ya ce, "Ai ba a tsayawa, Baba, gudu ake yi." Ya ce, "Au, gudun hukuma kuke koya a gidana?" Amma na ga gefen bakinsa ya motsa, saura kaɗan ya yi murmushi, shi ya sa Yaya ya yi sauri ya sa masa mai agogo, ya ce wannan ba ɗan sanda ko ɗaya.

Da ma bai sa ba. Sauran motocin suka fice kamar an harba su, Baba ya bar su suka tafi, ya bi gefen tekun nan a nutse. Kafaɗunsa suka sauko, ya fara ɗan rera waƙar da yake yi in hanya ta yi masa daɗi. Mu mun ga lambobin sama suna ƙarewa, amma ba wanda ya gaya masa. Kwatsam motar ta sandare a tsakiyar hanya, wani jan rubutun Turanci ya cika gilashin. Baba ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, me suka rubuta?" Ni kuwa da Turancina na aji biyar da bakina mai riga tunani fita, na ce, "Sun ce lokacinka ya ƙare." Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na sani." Ya laluɓi sandunansa ya miƙe, bai yarda kowa ya kama shi ba. Ranar tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi, ko malmala ɗaya bai gutsura ba.

Na yi kuka a bayan rumbu har na gode Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga Baba ya dawo, da idona na gan shi, na ɗan lokacin da yake gefen tekun nan, sannan wasan ya kore shi. Sai na ce to laifin wasan ne, kuma in akwai wasa biyu a duniya ai akwai na uku. Na tasa Yaya Sanusi a gaba da naci, safe da yamma, har ya ce in na bar kunnensa ya huta zai tafi da ni Maigatari ranar Alhamis in an tashi daga makaranta, wurin mai sayar da faifan kwamfuta.

Kasuwar Maigatari ba sai na ba da labarinta ba, raƙuma da shanu da tulin kanwa da dabino, Hausa iri-iri tana tashi. Rumfar da muka je ta wani mutumin Damagaram ce, dogo mai tsagar fuska, ya jera faifai cikin ledoji a kan tabarma, ga wata tsohuwar kwamfuta a gefe da yake gwada wa masu saye. Mun tarar da samari suna musu a kan wane wasan tsere ne ya fi. Wani ya ce wanda ya fi yawan motoci, har ka sake wa taka fenti da taya. Wani ya ce shirme, hoto ake dubawa, wanda in ruwan sama ya sauka sai ka ga ɗigonsa a gilashi. Wani kuma shi dai a ba shi wanda in an yi karo ƙofa take ɓallewa. Yaya tasa tambayar ɗaya ce, ko tsohuwar kwamfutarmu za ta iya ɗauka ba ta riƙa sarƙewa ba. Ni dai na kutsa ta tsakanin ƙafafunsu na ce, "Malam, akwai wanda ba a korar mutum in ya tafi a hankali?" Samarin suka fashe da dariya, ɗaya ya ce yarinya jaki za ki nema, ga kararsu can. Na ce masa ai na ga ɗaya a nan ma yana magana. Yaya ya make mini ƙeya.

Mai rumfar shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa zai tuƙa?" Na ce, "Babana. Direba ne." Ya ce, "Sofer ne na gaske?" wato direba a Hausarsu ta can. Na ce duk Gumel a tambaya. Sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci ya yi ta tono, ya fito da wani faifai da hoton ledarsa ya koɗe. Ya ce wannan ya gaji da sayar da shi ana dawo masa da shi, yara ba sa son sa ko kaɗan. Motar ciki ba ta da yafiya, in ka shiga kwana da gudu sai ta juya da kai, giya da hannu ake sa mata, kuma a ciki kake zaune kana ganin sitiyari da madubi, ba daga sama kake hango ta ba. "Amma akwai wurin gwaji a ciki," in ji shi, "babu agogo, babu abokin tsere. Ko yini zai yi a hanya ba mai ce masa ci kanka." Ya sa mana muka gani. Ni ban san komai a kan mota ba, amma da na ji yadda injin yake sauke murya in an sake giya, na ce wa Yaya shi ne wannan.

A gida sai wata ta taso. Cikin kwamfutarmu ƙarami ne, sabon wasan ba zai shiga ba sai an goge tsofaffin biyun. Auwalu ya yi tsalle ya dire ya ce bai san zance ba, ya yi yajin cin tuwo, yajin da bai kai sallar isha ba saboda miyar kuɓewa ce da man shanu. Aka goge, aka sa sabo. Yaran unguwa suka gwada, kowa ya shiga kwanar farko sai ya tsinci kansa a cikin ciyawa yana kallon inda ya fito, cikin kwana kaɗan zauren ya zama ba kowa. Na je na faɗa wa Baba an samo wanda ba agogo. Ya ce, "Uwata, ki bar ni." Na koma washegari, ya ce haka. Muka ƙure lasifika muka bar injin yana ihu a giyar farko da gangan, ko tari bai yi ba. Har na fara tunanin na raba Auwalu da abin wasansa a banza.

Dabarar da ta zo daga baya ba zan ce tawa ce ni kaɗai ba, wasa ne ya kawo ta. Wata Asabar ɗin da safe an kawo wuta, Inna ta sa ni fitar da bencin zaure in share ƙarƙashinsa, na ja shi na ajiye a bayan kujerar kwamfuta. Auwalu ya gani ya ce ya yi kama da kujerar bas. Muka dubi juna. Nan da nan muka kwaso kujerun tsugunno, muka kife turmi, muka jera layi-layi. Auwalu ya maƙale a jikin ƙofa da hannu ɗaya irin na yaran mota, ya buɗe maƙogwaro: "Maigatari! Maigatari! Maigatari a tafi!" Yara suka dawo, kowa da kayansa, wani da kwando, wata da ƙanwarta a goye, wani ɗan banzan yaro har da kazar uwarsa a hammata. Ana cikin haka Iya Tabawa maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, tsohuwar da a da ba ta shiga motar kowa sai ta Baba. Ta tsaya ta kalli abin da muke yi, ta kalli kujerar gaba da ba kowa a kai, ba ta tambayi komai ba. Ta tattare zaninta ta ce a matsa mata, ita gefen taga take so.

Auwalu ya leƙa tsakar gida ya ƙwala, "Saura mutum ɗaya! Mutum ɗaya a tashi!" Inna tana wanke-wanke a bakin rariyar ruwa. Inna da ba ta zama a zaure, Inna da ko sunan Baba ba ta taɓa faɗa ba. Muna kallo ta ɗauraye hannunta, ta shiga ɗaki ta yafo mayafinta na unguwa, ta zo ta zauna a kujerar da ke kusa da ta direba, tana kallon gabanta kamar ba ta san mu ba. To a tasha, duk ɗan direba ya san wannan, in mota ta cika dukan jikinta ake yi a kira direba, kuma ko shayi yake sha sai ya ajiye kofin, don abin kunya ne a bar fasinja a zaune a rana. Auwalu ya daki ƙyauren zaure da tafin hannu, bam, bam. Ni kuma na je bakin labule na ce, "Baba, mota ta cika, saura direba."

Labulen ko motsi bai yi ba. Sai Iya Tabawa ta ɗaga murya daga zaure, da faɗa-faɗa kamar yadda take yi a tashar gaske: "Haba Malam Idi! Rana tana yi, so kake a ci kasuwa ba mu?" Har na fara ja da baya. Sai na ji gado ya yi ƙara, Baba ya ce, "Uwata, miƙo mini hulata."

Bai taɓa fita aiki ba hula ba. Na ɗauko ta a kan ƙusa na kaɗe mata ƙura, ya kafa ta, ya fito. Da ya shiga ɗakin zaure ya ga Inna da mayafi a gidan gaba, sai ya kau da kai ya gyara murya. Ya zauna, ya miƙa wa Auwalu sandunan ya ce a sa a but. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane muka amsa da amin, ya waiwayo ya ce, "Kowa ya zauna daidai? Mai kaza, riƙe ta da kyau." Sannan ya tashi mota. A kwanar farko bayanta ya ɗan zame, Iya Tabawa ta yi salati ta damƙe benci, shi kuwa ya tare ta ya daidaita, ya ce, "A'a, wannan tana da rai!" Ya yi dariya, dariya sosai har ana ganin giɓinsa. Hanyar ta wata ƙasa ce can mai duwatsu da dogayen itatuwa da ba mu san sunansu ba, amma Baba ya mai da ita tamu. Ya ce nan ne mashigar da shanu suke tsallakawa, sai a rage gudu. Nan gaba kaɗan akwai mai ƙosai, wa zai sauka? Auwalu yana ta rataye a ƙofa yana kiran garuruwa, kaza ta ƙwace ta bi ta kan Iya Tabawa, Inna tana dariya a cikin mayafi kafaɗunta suna rawa. Ba agogon da ya tsayar da shi, ba wanda ya wuce shi.

Muna tsakiyar tafiya aka ɗauke wuta. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, injin ya yi ɗif. Wayyo, na ce shi ke nan, an sake korarsa. Ba wanda ya motsa, duk muna kallon ƙeyarsa. Ya daɗe yatsunsa suna kan maɓallan. Can ya ja numfashi ya ce, "Mota ta mutu." Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Inna. "To, direba ba ya barin fasinja a daji. Auwalu, ba ni sandunana, bari in leƙa tasha in samo makaniki."

Mun ɗauka cikin wasan ne. Sai muka ga ya miƙe, bai juya wajen tsakar gida ba, ya nufi ƙofar waje. Ya tsaya a dokin ƙofa, ya sa sanda ɗaya a waje, ya sa ta biyu, ya tsallaka. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya miƙe tsaye da mudu a hannu ya ce, "Sannu! Kai ne?" Baba ya ce, "Ni ne, sai aka yi yaya?" Auwalu ya bi shi a baya da gudu ba ko takalmi. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, Iya Tabawa tana bubbuga bayanta tana cewa, "Yi abinki, 'yar nan, yi abinki." Bai dawo ba sai bayan la'asar, muryarsa ta dishe saboda surutu, kuma a masallacin ƙofar gida ya yi magariba.

Baba ya yi shekaru bayan wannan. Kullum da safe sai tasha, aka ba shi benci a gindin dalbejiya, yana raba rigimar lodi yana yi wa samarin direbobi faɗan gudu. Ranar da aka kawo wuta kuma yana gida, sai a jera kujeru. Bai taɓa shiga wurin tsere a wasan nan ba ko sau ɗaya, wurin gwajin nan dai, da fasinjansa. Ina kwalejin horon malamai Allah ya karɓi abinsa, kwamfutar ma ta daɗe da mutuwa. Yanzu ga ni da nawa 'ya'yan a nan Gumel, ga Keke Napep ya cika titin da farar bas take bi. Wasannin tserensu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, har da sitiyarin roba da abin takawa ake haɗawa da kwamfuta, wasu kuma a waya suke yi. Kowane yaro yana lungunsa, ya toshe kunne, yana tsere da mutanen da bai taɓa gani ba. Kwanaki babban ɗana ya zo yana nuna mini guda biyu, wai in taya shi zaɓen wanda ya fi. Na duba na duba, motoci ne masu sheƙi, masu gudun tsiya, amma kowacce kujera ɗaya gare ta. Na ce masa ya ɗauki duk wanda ya yi masa, na tashi na shiga madafa don kada ya ga idona. Tamu motar gida guda take ɗauka.